Allura ɗaya, hukunci biyu: dokokin hana yara maganin sauya jinsi

A jihar Tennessee ta Amurka, idan yarinya 'yar shekara 7 ta fara ƙirgar dangi tun lokaci bai yi ba, likita yana da damar yi mata wata allura da za ta tsayar da balagar har sai shekarunta sun kai. Babu mai ce masa don me. Amma idan aka kawo masa 'yar shekara 12 wadda ta daɗe tana cewa ita namiji ce, tana ganin canjin da jikinta ya soma a matsayin azaba, ya yi mata wannan allurar dai, to ya taka doka. Za a iya cinsa tarar dala 25,000, lasisinsa ya shiga garari, yarinyar kuma tana iya maka shi kotu daga baya. Gwamna Bill Lee ne ya sa wa dokar hannu a watan Maris na 2023, kuma ita ce Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar ranar 18 ga Yuni, 2025. Alƙalai shida suka goyi baya, uku suka ƙi.

Tennessee ba ita kaɗai ba ce. Daga 2021 zuwa 2025 fiye da rabin jihohin Amurka 50 sun kafa doka mai kama da wannan. Birtaniya ta hana allurar ga 'yan ƙasa da shekara 18, Suwidin da Finlan sun taƙaita ta ƙwarai. Mai kallo daga nesa zai ɗauka duk hanya ɗaya suka bi. Shakkar da ta tayar da su iri ɗaya ce, gaskiya ne, amma abin da kowa ya yi da shakkar ya sha bamban, kuma a nan ne maganar take.

Da farko dai a raba wannan batu da na mata-maza. Wanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili ba, wanda malaman fiƙihu suka daɗe suna tattauna hukuncinsa a babin gado da sahun salla, ba shi ake magana a kai ba. Dokokin Amurkan kansu sun cire shi, sun bar wa likita damar yi masa magani ko tiyata. Yaran da ake taƙaddama a kansu jikinsu ba shi da wani ruɗani. Abin da ke damunsu ƙunci ne mai tsanani, mai daɗewa, na jin cewa jinsin da aka haife su da shi ba nasu ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yarda ƙuncin gaskiya ne, har masu goyon bayan haramcin ba su musa wannan ba. Abin da za a yi wa mai shi kafin ya mallaki hankalin kansa, nan aka rabu.

Kafin balaga ba a ba yaro ko ƙwaya ɗaya. Iyakar abin da wasu iyaye ke yi shi ne canza suna da sutura da aski. Magani yana shigowa ne idan alamun balaga na farko suka bayyana. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ke aika wa maraina ko ƙwan mace umarnin su fara fitar da sinadaran balaga. Ita kuma saƙon da ke tayar da ita yana zuwa mata ne kashi-kashi. Allurar tana kwararo mata irin wannan saƙo babu ƙaƙƙautawa har ta daina amsawa, sai komai ya tsaya cak: murya ba ta buɗewa, nono ba ya girma, al'ada ba ta zuwa. Ana yin ta duk wata ko duk wata uku, ko a dasa wani ɗan siririn abu ƙarƙashin fatar damtse ya shekara yana aiki. Tun shekarun 1980 ake amfani da irinta ga yaran da balaga ta zo musu da wuri, ana kuma ba dattawa masu sankarar prostate. Hukumomin magunguna na Amurka da Birtaniya ba su taɓa yi mata rajista don ƙuncin jinsi ba, ko da yake a maganin yara ba baƙon abu ba ne likita ya rubuta magani don wata lalura daban da wadda aka yi masa rajista.

Mataki na biyu shi ne sinadarin ɗaya jinsin, testosteron ko istrojin, yawanci daga shekara 16, a Amurka wani lokaci ƙasa da haka. Nan ake ƙetare iyakar da ba a cika dawowa ba. Muryar da ta yi kauri ba ta komawa, nonon da ya fito sai da wuƙar likita. Wanda kuma aka tsayar wa balaga tun farkonta, aka zarce da shi kai tsaye zuwa wannan mataki, mai yiwuwa ne jikinsa ba zai taɓa samar da maniyyi ko ƙwai da ya nuna ba. Wato ana tambayar ɗan shekara 12 ko ya yarda ya rasa haihuwa. Mataki na uku tiyata ce.

Asalin tsarin daga Holan yake. A asibitocin jami'a na Utrecht da Amsterdam, a shekarun 1990, masaniyar halayyar ɗan Adam Peggy Cohen-Kettenis da abokan aikinta sun lura cewa manyan da suka sauya jinsi bayan sun gama balaga suna shan wahala, domin tsawo da murya da ƙashin fuska ba sa ɓoyuwa. Sai suka ce, me zai hana a tsayar da balagar tun kafin ta yi aikinta? Suka gindaya sharuɗa masu tsauri. Dole ƙuncin ya kasance tun ƙuruciya kuma ya ƙaru da shigowar balaga, dole yaron ya kasance ba shi da wata lalurar ƙwaƙwalwa da ta rikice, dole iyali su tsaya masa, kuma a yi watanni ana tantance shi. A 2011 suka wallafa sakamakon yara 70, a 2014 suka bi sawun 55 daga cikinsu bayan sun girma, suka ce lafiyar tunaninsu ta inganta. Kan waɗannan yara 70, waɗanda aka zaɓo da tsantseni kuma ba a kwatanta su da wani rukuni da bai sha maganin ba, aka gina abin da ya bazu zuwa ɗaruruwan asibitoci.

Sai marasa lafiyar suka canza. Asibitin Tavistock na Landan, wanda a lokacin shi kaɗai ke duba irin waɗannan yara a Ingila da Wales, bai kai ga karɓar yara 100 ba a 2009. A shekarar 2021 zuwa 2022 waɗanda aka tura sun haura 5,000. Da can yawancinsu yara maza ne da abin ya bayyana tun suna ƙanana. Yanzu mafi yawa 'yan mata ne da abin ya taso musu bayan sun shiga shekarun balaga, da dama kuma suna ɗauke da ciwon damuwa, fargaba, galahanga, ko tarihin cin zarafi. An ga irin wannan sauyi a Suwidin da Finlan da Amurka. Wasu sun ce tsangwama ce ta ragu, masu ɓoyewa suka fito. Wasu sun ce kafafen sada zumunta ne da tasirin ƙawaye, a daidai lokacin da lafiyar tunanin 'yan mata ke taɓarɓarewa a ƙasashen Yamma. Ko wanne ne, waɗannan ba su ne yaran da aka gwada maganin a kansu a Amsterdam ba.

Finlan ce ta fara ja da baya a 2020, ta ce a fara da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin Karolinska na Suwidin ya dakatar da ba da maganin yadda ya saba a 2021, a 2022 kuma hukumar lafiya ta ƙasar ta ce haɗarin ya rinjayi amfanin da aka tabbatar, don haka sai a yanayi na musamman. A Ingila hukumar lafiya ta NHS ta ɗora wa Dakta Hilary Cass, tsohuwar shugabar kwalejin likitocin yara, alhakin binciken al'amarin gaba ɗaya. Ta shafe kusan shekara huɗu, ta fitar da rahoton ƙarshe a Afrilu 2024. Masana daga Jami'ar York da ta sa su tace dukan binciken da aka taɓa yi sun samu guda 50 a kan allurar dakatar da balaga. Ɗaya tak suka ce mai inganci ne sosai, kusan rabi matsakaita, sauran raunana. A kan sinadaran jinsi sun samu 53, nan ma ɗaya ne ya kai matakin farko. Sakamakon: an tabbatar allurar tana tsayar da balaga, an ga tana rage ƙwarin ƙashi a lokacin da ake shan ta, amma babu gamsasshiyar hujja cewa tana rage ƙuncin ko inganta lafiyar tunani, kuma ba a san abin da take yi wa ƙwaƙwalwar da ke kan girma ba.

Akwai wani adadi ɗan ƙarami da ya fi sauran girgiza hujjar masu maganin. A kullum ana cewa allurar hutu ce kawai, tana ba yaro lokacin tunani. Amma a binciken da Tavistock ta yi da kanta kan yara 44, guda 43 sun zarce zuwa sinadaran jinsi. A Holan ma wani bincike na 2022 kan mutum 720 da suka fara tun suna yara ya nuna kashi 98 cikin 100 sun ci gaba da shan sinadaran har bayan sun girma. Masu goyon baya suna karanta wannan a matsayin shaidar cewa likitoci sun iya tantancewa, ba su ba wanda bai dace ba. Masu shakka suna cewa allurar ce ke kulle yaro a hanya ɗaya, domin balagar da aka hana shi ita ce da za ta iya warware masa ruɗanin, kamar yadda tsofaffin bincike suka nuna tana warware wa yara da yawa. Adadin kansa ba zai raba wannan gardama ba. Sai an kwatanta da yara makamantansu da ba su sha ba, kuma wannan ne ba a yi ba.

Masu sukar Cass ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba duka ne son zuciya ba. Sun ce ba zai yiwu a yi irin gwajin da ake ɓoye wa mara lafiya ko magani aka ba shi ko ruwa ba, tunda balaga aba ce da ido ke gani. Sun ce magungunan yara da yawa a kan hujja mai irin wannan rauni suke tsaye, ba a kuma hana su ba. Mafi ƙarfi a cikin hujjojinsu shi ne cewa ƙin yin komai shi ma hukunci ne, domin muryar da ta buɗe da ƙashin da ya faɗaɗa su ma ba sa komawa, kuma ga yaron da ƙuncinsa zai ɗore har girma, wannan hasara ce ta har abada. Ƙungiyoyin likitoci na Jamus da Ostiriya da Suwizalan sun duba hujjojin nan dai, suka fitar da ƙa'idoji a 2025 da suka bar ƙofar a buɗe tare da taka tsantsan. Cass kanta ba ta ce a haramta komai da komai ba. Ta ce allurar sai a cikin gwajin kimiyya, sinadaran jinsi kuma daga shekara 16 amma da matuƙar hattara, ta kuma yarda akwai matasan da wannan hanya ce ta dace da su. Gwamnatin Conservative ta Birtaniya ta yi dokar gaggawa kan allurar a Mayu 2024, gwamnatin Labour da ta gaje ta ta mayar da ita ta dindindin a Disamba, ta hannun ministan lafiya Wes Streeting, aka kuma ɗora wa King's College ta Landan shirya gwajin. Jam'iyyu biyu masu hamayya, matsaya ɗaya.

A Amurka abin ya bi layin jam'iyya tun daga farko. Arkansas ce ta buɗe fage a Afrilu 2021. Gwamnanta Asa Hutchinson, ɗan Republican mai ra'ayin riƙau, ya hau kujerar na-ƙi, yana cewa gwamnati ta wuce gona da iri idan ta shiga tsakanin iyaye da likita. 'Yan jam'iyyarsa a majalisa suka yi watsi da ƙin nasa washegari. Alabama ta zo a 2022 da dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga likita. A wannan shekarar gwamnan Texas, Greg Abbott, ya umarci hukumar kare yara ta binciki iyayen da suka kai 'ya'yansu wannan magani a matsayin masu cin zarafin yara, jami'ai kuwa suka fara ƙwanƙwasa ƙofofi. A Ohio, Gwamna Mike DeWine ya zagaya asibitoci, ya zauna da iyaye na kowane ɓangare, ya ƙi sa hannu a ƙarshen 2023. Shi ma majalisa ta yi gaban kanta. A ɗaya gefen, jihohin da Democrat ke mulki irin su Kaliforniya da Minnesota suka yi dokokin ba da mafaka ga iyalai da likitocin da wata jiha ke nema. Iyali a Tennessee da ke son ci gaba da maganin sai su tuƙa mota sa'o'i zuwa wata jiha, in suna da hali.

Yawan yaran da ake wannan yaƙi a kansu bai kai ƙarar da ake ji ba. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya tattara bayanan inshorar lafiya na 2017 zuwa 2021, ya samu yara kimanin 121,000 da likita ya rubuta suna da ƙuncin jinsi. Daga ciki, waɗanda suka fara allurar ba su kai 5,000 ba, masu sinadaran jinsi ba su kai 15,000 ba. Cire nono ga 'yan shekara 13 zuwa 17 ya kai 776 a cikin shekara uku, tiyatar al'aura 56. Alƙaluman ba su haɗa da waɗanda suka biya daga aljihunsu ba, amma sun isa su nuna abu biyu. Ɗan siyasar da ke cewa ana yanka yara a kowane lungu yana ƙari. Mai fafutukar da ke cewa ba a taɓa yi wa yaro tiyata ba shi ma bai faɗi gaskiya ba.

Ina ganin manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka suna da nasu kason na laifi wajen kai al'amarin hannun 'yan majalisa. Ƙungiyar likitocin yara da ta likitocin sinadaran jiki sun yi ta maimaita cewa kimiyya ta gama magana, a daidai lokacin da takwarorinsu a Finlan da Suwidin ke cewa ba ta gama ba. Sai a 2023 ƙungiyar likitocin yaran ta amince a tace hujjojin, tana mai jaddada tsohuwar matsayarta kafin a fara. Takardun da shari'ar da aka yi kan dokar Alabama ta tono sun nuna cewa ƙungiyar WPATH, wadda ƙa'idojinta asibitoci ke bi, ta cire mafi ƙarancin shekaru daga bugunta na 2022 bayan matsin lamba, har daga jami'an ma'aikatar lafiya ta gwamnatin Biden, saboda tsoron kada abokan hamayya su samu makami. A Oktoba 2024 jaridar New York Times ta ruwaito cewa Dakta Johanna Olson-Kennedy, wadda ta jagoranci binciken da gwamnati ta ɗauki nauyi kan yara 95, ta jinkirta wallafa sakamakon da bai nuna ingantuwar lafiyar tunani ba, ita ma saboda wannan tsoro. Sana'ar da ta ƙi yi wa kanta linzami kada ta yi mamaki idan wani ya zo ya ɗaure ta, kuma mai ɗaurin ba lallai ya san inda ya kamata igiya ta tsaya ba.

Maganar kisan kai ita ce ta fi kowace nauyi, ita kuma aka fi wasa da ita. Iyaye da dama sun ba da labarin an tambaye su a asibiti ko sun fi son ɗa mai rai ko 'ya matacciya. Gaskiya ne waɗannan matasa sun fi sa'o'insu tunanin kashe kai. Amma mutuwar kanta, alhamdulillahi, ba ta da yawa, kuma Cass ba ta samu hujjar cewa maganin yana rage ta ba. Da aka yi ta yaɗa cewa taƙaita allurar a Tavistock ya jawo mace-mace, gwamnatin Birtaniya ta sa Farfesa Louis Appleby, mai ba ta shawara kan rigakafin kisan kai, ya duba alƙaluman, ya ce ba su nuna haka ba. A gaban Kotun Ƙolin Amurka ma, lauyan masu ƙalubalantar dokar Tennessee, Chase Strangio, wanda shi ne mutum na farko da ya fito fili a matsayin wanda ya sauya jinsi kuma ya tsaya gaban wannan kotu, ya amsa cewa binciken bai nuna raguwar mutuwa ba, abin da wasu suka nuna raguwar tunanin ne. Wani bincike na 2023 kan matasa 315 masu shan sinadaran jinsi ya ga ɗan sauƙin damuwa cikin shekara biyu. Biyu daga cikinsu sun kashe kansu a lokacin binciken.

Haka nan nadama. Keira Bell a Ingila ta fara allurar tana shekara 16, aka cire mata nono tana 20, daga baya ta koma rayuwarta ta mace ta kai Tavistock kotu. A 2020 babbar kotu ta ce da wuya yaro ɗan ƙasa da 16 ya fahimci abin da yake amincewa da shi, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2021, ta ce wannan aikin likita ne ba na alƙali ba. Chloe Cole a Kaliforniya an cire mata nono tana shekara 15, tana 16 ta yi nadama, ta zama mai ba da shaida a majalisun jihohi. A gabanta kuma a zaure guda akan samu matasan da ke cewa maganin ne ya ba su damar zuwa makaranta da kallon madubi. Duk ba ƙarya suke yi ba. Binciken da ake da shi yana nuna masu nadama tsiraru ne, sai dai yawancinsa bai bi mutane tsawon shekaru ba, kuma wanda ya yi nadama ba kasafai yake komawa asibitin da ya ba shi maganin don a ƙidaya shi ba.

Kotun Ƙoli ba ta ce maganin yana da kyau ko muni ba. Tambayar da ke gabanta a shari'ar da ke ɗauke da sunan Jonathan Skrmetti, babban lauyan Tennessee, ita ce ko dokar ta saɓa wa gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya wajabta daidaito a gaban doka. A tsarin Amurka, dokar da ta bambanta mutane bisa jinsi sai an yi mata binciken ƙwaƙwaf, jiha ta kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Wadda ba ta yi haka ba, ya isa a ce akwai wani dalili na hankali a bayanta. Masu ƙara suka ce duba: yaro namiji da balagarsa ta makara za a ba shi testosteron ya yi gemu, 'yar'uwarsa ba za a ba ta ba, to me ya raba su in ba jinsi ba? Alƙalin alƙalai John Roberts ya ce abin da ya raba su shekaru ne da kuma cutar da ake magancewa, domin ba a ba namiji ko mace maganin don ƙuncin jinsi, ana kuma ba kowannensu don wata lalura. Tunda masana na gardama, in ji shi, majalisa ce wurin yanke hukunci. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta karanta ƙin amincewarta a bainar kotu, abin da ba a yi sai rai ya ɓaci. Ta ce likita ba zai san ko ya taka dokar ba sai ya duba jinsin da aka rubuta wa yaron ranar haihuwa, kuma dokar da kanta ta ce manufarta ita ce sa yara su rungumi jinsinsu, don haka cewa ba ruwanta da jinsi rufe ido ne.

Akwai tambayar da kotun ba ta ɗauka ba, wato haƙƙin iyaye. Abin ban mamaki ne a nan yadda kowa ya ari rigar abokin hamayyarsa. Masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka shekara ɗari suna cewa ɗa na iyayensa ne ba na gwamnati ba a sha'anin makaranta da tarbiyya, su ne ke cewa amincewar uwa da uba da likita ba ta isa ba. Masu sassaucin ra'ayi, da wasunsu ke goyon bayan makaranta ta ɓoye wa iyaye cewa ɗansu ya canza suna, su ne suka koma kare ikon iyaye. Hutchinson da DeWine kaɗan ne daga waɗanda suka tsaya inda suka saba tsayawa, kuma jam'iyyarsu ba ta yafe musu ba.

Hukuncin ya bar wa kowace jiha zaɓinta, amma gwamnatin tarayya ba ta bari ba. Ranar 28 ga Janairu, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ke barazanar yanke kuɗin tarayya ga asibitocin da ke ba 'yan ƙasa da shekara 19 wannan magani, wato har da ɗan 18 da doka ta ce baligi ne, yana zaɓe yana shiga soja. Asibitin yara na Los Angeles, mai ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin irin wannan a ƙasar, ya rufe tasa a Yuli 2025, a jihar da maganin halas ne a dokarta.

Idan aka auna, raunin hujjar ya isa ya sa a taka birki. Magani mai iya taɓa haihuwa da ƙashi, wanda ake ba yara masu lafiyar jiki, ba a yaɗa shi kan binciken mutum 70, kuma waɗanda suka yi ta cewa a dakata, aka yi musu laƙabin maƙiya, sun cancanci a ce sun yi gaskiya a wannan gaɓa. Amma "ba mu sani ba" ba ta nufin "mun san yana cutarwa". Dokar da ta ce babu yaro ko ɗaya, ko mai irin siffar yaran Amsterdam, ko da likitoci goma sun haɗu a kansa, da zai samu maganin, ita ma da'awar tabbas ce da kimiyya ba ta bayar ba. Majalisar Utah ta hana maganin a 2023, ta kuma sa masana su tace mata hujjoji. Da rahoton ya fito a 2025 yana cewa akwai amfani, haramcin bai motsa ba. An kuma ga cewa tsaka-tsaki mai yiwuwa ne ko a jihar Republican: Nebraska ta hana tiyata, amma ta bar magungunan bisa sharaɗin sa'o'i 40 na ganawa da likitan ƙwaƙwalwa da kwanakin jira kafin a rubuta. Tennessee ta ba waɗanda suka riga suka fara wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2024 su daina, ko likitansu ya yarda ko bai yarda ba.

Haramci irin wannan yana toshe har hanyar samun amsar, domin inda ba da maganin laifi ne ba za a gwada shi ba, inda kuma aka mayar da shi tutar jam'iyya ba a son a tambaya. Wani ɓangare na amsar ma ba ya buƙatar sabon gwaji. Yara kusan 9,000 ne suka bi ta Tavistock a tsawon shekaru, yawancinsu yanzu manya ne. Cass ta nemi a bi sawunsu ta bayanan asibitocin manya, a ga wa ya ci gaba, wa ya daina, yaya ƙashinsu da tunaninsu suke, har majalisa ta gyara ƙa'ida don a samu damar haɗa bayanan. Shida daga cikin asibitocin manya bakwai suka ƙi ba da haɗin kai. Sai bayan fitowar rahoton ne NHS ta umarce su da su buɗe fayilolin, ta kuma sa a binciki yadda su kansu suke aiki.